Ɗan'uwanmu na Sokodé

Sokodé, watan Maris

Zuwa ga Alidu ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Cikin juyayi nake sanar da kai da sauran dangi na Dapaong rasuwar fankar ɗakina, wadda ta auku ranar Talata da azahar bayan doguwar jinya. Ta yi mini hidima tun kafin in yi aure. Ba ta taɓa juyawa da sauri ba, ba ta kuma taɓa yin shiru ba. Ta bar ni da matata Hamida da yara a tsakiyar zafin Maris. Ba sai kun zo ta'aziyya ba.

Mu dai lafiya lau muke. Ya ƙafar Inna? Ka gaishe ta da kyau.

Wasa ya tsaya nan. Issifou direba, da ya sauke kwandunan tumatir ɗinka a tasha, ya ja ni gefe ya ce jikin ƙanenka Nourou ya yi tsanani, ƙodojinsa sun daina aiki, an wuce da shi Lomé. Wato an bi da shi ta ƙofar garin nan ban sani ba, sai a bakin direba. Na ji zafin wannan. Kai ma ka san Nourou a ɗakina ya zauna da yake koyon gyaran mota a nan, ya ɓata mini littattafai da baƙin mai, na yafe masa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Kada ka buga mini waya. Kana ihu a tsakiyar kasuwa, ina jin cinikin mutum goma ban ji naka ba. Ka zauna ka rubuta, ka ba Issifou. Na yi alkawari ba zan ɗauki jan biro in gyara Hausarka ba, ko da ka mai da duk matan gidanku maza kamar yadda ka saba.

Ka faɗa mini abin da likita ya ce da abin da ake bukata. Duk abin da ake nema daga gare ni na bayar tun kafin a tambaya. Bakina, ƙafata, jinina da tsokata, duk naku ne.

Naka, malamin makaranta da kake kira Metir, kake kuma kira bawanka don kawai ubanka wan uwata ne,
Tijjani

Dapaong

Metir bawana,

Salamu alaikum. Allah ya jiƙan fanka. Ka sayi sabo, kai mai albashi ne. Inna yana gaishe ka, ƙafanshi ya yi sauƙi, har ya koma kasuwa.

Ka yi haƙuri, ranan da muka wuce da Nourou ba mu cikin hankalinmu. Yanzu yana zongon Lomé, ana kai shi asibiti inji yana wanke mishi jini. Garejinshi a rufe, yaranshi suna wajenmu. Likita ya ce wankin nan ba zai riƙe shi har abada ba, sai an dasa mishi ƙodan wani, kuma a ƙasan waje za a yi. Abu biyu ake so, mutum da kuɗi.

Na kai kaina aka gwada, aka ce ina da ciwon suga, nawa ba zai yi ba. Amma Allah ya kawo sauƙi. Ɗan'uwanmu na Sokodé ya ce zai ba da nashi ɗaya. Ba na rubuta suna, Issifou yana da ido, kai kuma ka san ko wane ne. Wallahi da na ji sai da na yi kuka. Takardanka na karanta ma Inna, wajen jini da tsoka shi ma ya yi kuka.

Saura kuɗi, kuma yana da yawa. Mu nan 'yan tumatir da 'yan albasa mun fara tarawa. Kai ka kama mana Sokodé, baki gare ka.

Ubangidanka,
Alidu

Sokodé, watan Afrilu

Alidu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ni ma ina lafiya, abin da na lura kwanan nan ya zama abin sha'awa ga dangi.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na ƙirga danginku na Sokodé. Akwai ƙanwarku Nafissatou a gidan mijinta, akwai ni. Ɗan'uwa namiji ke nan guda, ga shi riƙe da biro.

Bari in yi maka ɗan darasi, tun da lekwal, makarantar boko, ba ta riƙe ka ba. Akwai salon magana da masana ke kira kambamawa. Idan mutum ya ce wa masoyinsa raina fansa, ba a zuwa masa da wuƙa. Idan maroƙi ya ce da attajiri kogi, ba a jefa masa ƙugiya. Shekara da shekaru ina koya wa yara wannan, ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da ya ɗauki jini da tsoka ya kai wa likita ba sai kai.

Ba cewa na yi na ƙi ba. Ka lura da kyau, ban ce na ƙi ba. Na dai ɗauko littafin halittar jiki na duba. Abin kamar ƙwayar wake yake, guda biyu, a ɓoye can baya, suna aikinsu ba su taɓa damuna ba. Tun ranar na canza hanyar zuwa lekwal don kada in bi ta rumfar mahauta. Hamida ba ta sani ba tukuna. Ta dai tambaye ni me ya sa nake yawan dafa kwiɓina.

Tambaya biyu gare ni, ka amsa su a fili. Mai bayarwa yana rayuwa yadda ya saba? Kuma maganar nan an gama ta ne, ko ana kan shawara?

Batun tarawa na fara. Na je wajen mutum shida masu hali, na samo addu'a mai yawa.

Tijjani

Dapaong

Metir,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, tumatir ya faɗo gaba ɗaya.

Ban gane wajen kogi da ƙugiya ba. Amma tambayanka ga amsa. Likita ya ce mutum yana kai tsufa da ƙoda ɗaya. Magana kuma an gama. Kar ka ji tsoro. Jininmu in ya ce zai ba da, ba ya komawa baya.

Asibitin waje sun ba da rana, bayan Babban Salla, amma sai kuɗi ya riga mu zuwa. In bai cika ba za su ba wani ranan, mu koma bayan layi. Nourou ƙafanshi ya kumbura, takalmi ba ya shiga. Ba na jin zai iya jiran wani layi.

Alidu

Sokodé, watan Mayu

Alidu,

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya. Ka gai da Inna. Ka nemi wuri ka zauna, takardar nan tana da tsawo, ka kuma cancanci ka wahala.

Maganar takalmin Nourou ce ta gama da ni. Na yi ta neman hujjar gudu a littattafai, kowane na buɗe sai ya ba ni kunya. Na yanke zan bayar. Da na gaya wa Hamida ta tambaye ni ta hagu ko ta dama, sannan ta shiga madafa. A ranar an daka yaji fiye da bukatar gidan.

Tarawa kuwa ta ƙi tafiya. Mutanenmu in an ce mutuwa, kafin a gama wanka an haɗa kuɗin shinkafa. In an ce ga mai rai a taimaka kada ya mutu, sai a ce Allah ya ba shi lafiya. Na roƙi liman ya ba ni dama bayan sallar Juma'a a masallacinmu na Didauré. Na shirya jawabi mai shafi uku, da aya da hadisi da karin magana. Ban gama shafin farko ba na ga sahun baya sun fara laluben takalmansu. Sai na ninke takardar na ce: “Jama'a, ni Tijjani zan ba yaron nan ƙodata ɗaya. Ku kuɗin mota da na wuƙa kawai ake nema a wurinku.”

Ban shirya faɗin haka ba. Masu takalma suka ajiye. Abdulwahid sarkin fawa ya taso ya zagaya ni kamar yana taya bijimi a kasuwa, ya danna mini yatsa a kwiɓi, ya shaida wa jama'a cewa ƙodar malamin lekwal ba ta taɓa ɗaukar kaya ba, sabuwa ce fil. Ya ce mutumin da bai taɓa ba wani aron jarida ba in ya ba da ƙoda, to duk wanda ya riƙe aljihunsa ya ji kunya. Ya cire hularsa ya zuba abin da ke jikinsa a ciki, ya miƙa wa na kusa. Hular nan ba ta dawo ba sai da aka haɗa mata da kwano.

Tun daga nan ban huta ba. Mahauta sun ware cinikin rana guda. 'Yan zemijan, masu ɗaukar mutane a babur, sun sa gwangwani a tasharsu. Teloli sun kawo, malaman lekwal sun kawo, har waɗanda ba salla suke yi ba. Wani tsohon ɗalibina da na taɓa kora daga aji ya aiko daga Kambolé, wani mai sayar da masara ya tsaya da motarsa daga Sotouboua don kawai ya ga fuskata. A hanya ana tashi a gaishe ni. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina, ya kuma daina sa mini sukari, wai yana tsare wa Nourou kayansa.

Nafissatou ta zo gaishe ni. Ta tsaya tana kallona, ta sa mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Na rarrashe ta na ce kada ta yi kuka, abin da ɗan'uwa zai yi ke nan. Da ƙyar ta iya cewa Allah ya ba da lada, Yaya, ta fita da sauri. Yarinyar tana da taushin zuciya.

Da namu da naku mun wuce rabi nesa. Akwai sauran giɓi, domin matan kasuwa ba su motsa sosai ba. Ka gaya mini ranar da zan je gwajin jini, in nemi izini wajen direktan lekwal.

Tijjani

Dapaong

Metir,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya saka, Allah ya saka. Na gaya ma 'yan kasuwanmu abin da Sokodé ya yi, kishi ya kama su sun ƙara.

Amma wane gwajin jini? An riga an yi. Ɗan'uwanmu ya tafi Lomé ran Litinin, mijinshi Muhyiddeen ya raka shi. Likita ya ce jininsu ya dace da Nourou kamar an auna, uwa ɗaya uba ɗaya ne ai.

Issifou ya ce duk Sokodé ana cewa kai za ka ba da. Na ce ƙarya yake yi, sai ga takardanka. Metir, Nourou ƙoda ɗaya yake so, ba biyu ba. Wa ya roƙe ka?

Alidu

Sokodé

Alidu,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau nake, da ƙodojina biyu, ba mai so.

Mijinshi. Na kai minti nawa ina kallon kalmar nan ban sani ba. Ni da na yi maka gori a kan wannan ciwon naka tun muna yara, ni ne na karanta ɗan'uwa na manta wanda ya rubuta. Hamida ta karɓi takardar ta karanta, ta zauna a ƙasa don dariya. Har yanzu in muka haɗa ido sai ta fita tsakar gida.

Yanzu ka saurare ni, ba wasa. Kuɗin da ke hannuna an ba da shi ne don an ji malamin da ba ya ba da aron jarida zai ba da ƙoda. In aka ji ba haka ba ne, za a ce dabara muka shirya. Na san garin nan. Wasu za su zo karɓar nasu, sauran su rufe hannu, giɓin nan kuwa ba zai cike ba kafin Salla. Kunyata ba ita ce damuwata ba, ko da yake ita ma tana nan. Ranar Nourou nake tsoron mu rasa.

Shawarata a yi shiru. Ba ƙarya za mu ƙara ba, bakinmu kawai za mu kama har a gama aiki. Bayan nan in tsaya a kasuwa a yi mini dariya shekara guda, na yarda. Ka ja kunnen Issifou. Kada Nourou ya ji.

Tijjani

Dapaong

Metir,

Salamu alaikum. Takardanka ya zo a makare, na riga na gaya ma Nourou a waya. Ya yi dariya har mai jinya ya zo ya yi mishi faɗa. Tun da ya kwanta ban ji dariyanshi ba sai ranan.

Amma da na karanta mishi shawaranka ya ce a'a. Ya ce ba ya so a yanka shi da kuɗin da masu shi ba su san gaskiya ba, in ya mutu a kan tebur me zai ce. Na ce ka yi tunani, rana zai wuce. Ya ce ya wuce.

Ni ban san wanda ya fi gaskiya cikinku ba, ina jin tsoro kamar kai. Nafissatou ya dawo Sokodé, ya ce zai zo wajenka.

Alidu

Sokodé, kafin Babbar Salla

Alidu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka tara 'yan albasarka ka karanta musu wannan.

Nafissatou ta zo, wannan karon ba ta rufe baki ba. Ta ce tun farko ta ɓoye ne saboda uwar mijinta, wadda da ta ji da ta hana kafin a kai ga gwaji. Da labarina ya cika gari sai ta ga Allah ya aiko mata laima, ta shige ƙarƙashi. Yanzu gwaji ya yi kyau, Muhyiddeen ya gaya wa tsohuwa, an yi faɗan an gama. Na kawo mata hujjojina na a yi shiru, ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari. Ta bari na gama, ta ce: “Yaya, ka ɗaukar mini surutun gari, na gode. Yanzu sauke. In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ni ban iya kambamawa ba.” Ashe har wannan ka karanta mata a waya.

Ranar Juma'a na miƙe ba takarda. Na ce musu ni ba zan ba da komai ba, ƙanwar mara lafiya ce za ta bayar, na karanta wasiƙa ne na ga kaina a inda ba a sa ni ba. Na ce kuɗin kowa yana nan, mai so ya zo ya karɓa. Wani ya tambaya yaya malamin lekwal zai kasa karanta wasiƙa. Dole na bayyana musu yadda kake rubutu, har na kawo maganar mijinshi.

Sarkin fawa ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin riƙewa saboda masallaci, abin ya fi ƙarfinsa. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani ba dalili. Rabin masallacin da Hausarka suke magana, sai ga su suna tambayar juna ina kuskuren yake. Mutum ɗaya, mai sayar da tayoyi, ya biyo ni gida ya karɓi nasa, na ba shi. Na zauna ina jiran sauran har magariba, ba wanda ya zo sai ɗan aiken sarkin fawa da gasasshiyar ƙoda a takarda, wai in ƙara a kan nawa.

Washegari da hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida, na ce to, ga su nan. Na fito na tarar da mata, masu atamfa, masu cukun wagashi, masu shinkafa da wake, cike da layinmu. Sun ji cewa tasu ce za ta kwanta a yanka ta, wadda suke zaune rumfa ɗaya da ita. Uwayen adashi uku sun kawo kwasar watan gaba ɗaya, waɗanda ke da ɗauka sun ce sun yafe zuwa wani zagaye. A gabansu kuwa uwar mijin Nafissatou ce, riƙe da igiyar ragon layyarta. Ta damƙa mini igiyar ta ce in sayar, tun da yarinya ta ƙi jin magana gara a kai ta wurin masu wuƙa mai kyau. Ta kuma dube ni sama da ƙasa ta ce dama ita ba ta taɓa yarda ba, mai irin tafiyata ba ya ba da ƙoda.

Alidu, giɓi ya cike. Jiya ni da Muhyiddeen muka je banki aka tura, asibiti sun amsa, rana tana nan. Har da ragowar da za ta riƙe maganin bayan aiki na ɗan lokaci. Mai tayoyi ya dawo da nasa da daddare, ban tambaye shi komai ba.

Mai shayi ya koma karɓar kuɗina.

Tijjani

Dapaong, watan Yuli

Metir bawana,

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi. Muhyiddeen ya bugo daga can, an yi aiki, dukansu sun farka. Likita ya ce ƙodan ya kama aiki tun a kan tebur. Nafissatou ya riga Nourou tashi, har ya taka ya je ɗakinshi ya ce mishi ya riƙe kayan mutane da kyau. Nourou ya ce a gaya maka ƙafanshi ya shiga takalmi.

Inna ya yi rawa a tsakar gida da ƙafan nan nashi. Gobe muna sadaka, 'yan kasuwa duka za su zo.

Alidu

Sokodé

Alidu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta takardarka a rumfar mahauta, daga nan aka wuce da ita rumfar mata, har yanzu ba ta dawo hannuna ba. Ana ta guɗa a kasuwa, mutanen ƙauye suna tambaya auren wa ake yi.

In Nourou ya samu ƙarfin jin magana, ka gaya masa wannan daga gare ni. Na ce a yi shiru, shi ya ce a faɗa. Da an bi tawa, da matan nan ba su fito ba. Shi ke da gaskiya, ni na yi kuskure.

Tijjani